Makullin Garejin Hajiya

Ƙanena Mubarak da abokansa sun ce wai kiɗan ganga ba sana'a ba ce. Wai duk wanda Allah Ya ba hannu biyu da ɗan fushi zai iya. Mubarak ɗin nan da ko cokali aka ba shi sai ya yar, shi ne ya dube ni a gaban baƙi ya ce da Turancinsa na hanci wai wayarsa tana yin duk abin da nake yi, kuma ita ba ta gumi. To saboda shi da ire-irensa na zauna rubuta wannan. Shekarata goma sha takwas, amma a wannan sana'a ni tsohuwa ce tukuf. Bayana har ƙara yake yi idan na sunkuya. Ku nutsu ku saurara, kuma kada wanda ya ce mini "oke, oke" kafin na kai aya.

Sunana Rabi, ni ce mai ganga a ƙungiyar Garejin Hajiya. Kiɗan rok muke yi, irin na da, na zamanin da maza ke barin gashi har kafaɗa suna sa wando mai faɗin ƙafa kamar buhun shinkafa. Ba mu da kwamfuta a dandali. Idan ka ji ƙara, to wani ne a cikinmu ya sha wuya kafin ta fito.

Aikina na farko a kan murfin shara na yi shi. Ina 'yar shekara sha uku, Mama ta aike ni in tura kwandon shara bakin titi, a unguwarmu ta Glenwood, a nan Amurka. Na tsaya ina dukan murfin da tafin hannu, ina jin kaina. Sai na ji murya daga barandar maƙwabcinmu tana cewa, "Yarinya, gudu kike yi." Na duba ƙafafuna, a tsaye nake. Ya ce, "Hannunki nake nufi. Kin fara a hankali, kin ƙare kamar kare ya biyo ki."

Wannan shi ne Mista Roy, wanda daga baya muka mayar Baba Roy. Bature ne tsoho, gemunsa fari har ƙirji, barandarsa cike da matattun amfilifaya, wato akwatunan ƙara sautin jita, da yake tayarwa daga kabari. A samartakarsa ya yi kiɗan ganga a kowane lungu na jihar nan, kuma kunnensa na hagu ya riga shi yin ritaya. Na ce masa ya koya mini. Ya ce in tambayo gida. Na tambayi Mama, ta ce in tambayi Baba. Baba malamin jami'a ne, Dakta ake ce masa. Ya sauke tabarau ya ce, "Rabi, mu ba maroƙa ba ne. Kakanki alƙali ne." Na ce, "Baba, ai alƙali ma tebur yake bugawa." Mama ta ruga kicin wai miya tana ƙonewa, alhali ranar ko tukunya ba ta ɗora ba. A ƙarshe Baba ya ce in je, tunda dai abin yara ne, kafin sanyi ya shigo zan gaji. Har yanzu yana jiran sanyin.

Kuna tsammani Baba Roy ya zaunar da ni a kan ganga? Faifan roba ya ba ni da sanduna biyu, ya ce dama, hagu, dama, hagu. Haka na yi ta yi har na fara jin dama hagu a cikin barci, har a aji malama tana magana ina ganin bakinta yana tafiya dama hagu. Yatsuna suka yi bororo, bororon ya fashe, wani ya fito a kan na farkon. Da na yi ƙorafi sai ya ƙara mini aiki. Ya koya mini ɗaure fatar ganga: ka ɗaure wannan ƙusa, ka tsallaka ta gabanta, kamar mai ɗaure tayar mota, kana ƙwanƙwasa gefe kana saurare. Ya koya mini cusa matashin kai a cikin babbar gangar ƙafa don kada ta yi ta gurnani. Ya koya mini cewa ba a kafa ganga sai a kan kafet. Ya ce mai jita na iya yin kuskure a ce salo ne, mawaƙi na iya manta baiti ya miƙa wa jama'a makirufo, amma ranar da mai ganga ya tsaya, kowa ya mutu. "Ko rufi ya faɗo, ki ci gaba da bugawa," in ji shi. Wannan magana ku riƙe ta, za ta dawo.

Ranar da ya gamsu, ya buɗe ɗakin ajiyarsa ya nuna mini gangunansa. Koraye ne masu ƙyalli, sun girmi Baba, a jikin ƙaramar akwai tabon sigari tun na zamanin da ba a haifi kowa ba. Faya-fayan tagulla da ake bugawa tare da su sun yi baƙi don tsufa. Ya ce hannunsa ya fara rawa, shi da su sai kallo. "Ki ɗauka. Amma kada ki bar su su yi shiru."

Sauran 'yan ƙungiyar a makaranta na tsinto su. Mateo mai jita, wanda in ya fara salonsa sai an yi masa magana da hannu kafin ya tuna akwai mutane a duniya. Tasha mai bas, wato jitar nan mai kaurin murya, ba ta murmushi sai an biya. Sai Idrisa mawaƙinmu, iyayensa mutanen Damagaram ne amma a nan aka haife shi, Hausarsa kamar tsohuwar mota ce, sai an tura take tashi. Murya kuwa Allah Ya ba shi, in ya ɗaga ta har karnukan layi na gaba suna amsawa.

Matsalar ita ce wurin gwaji. A falonmu Baba ya ce sai dai bayan ransa. Sai Mama ta kai ni wurin Hajiya Zainabu.

Duk Bahaushen da ke garin nan ya san Hajiya Zainabu, kuma duk wanda bai san ta ba to bai iso ba tukuna. Mutuniyar Maraɗi ce, ita ce babbar kowa. Ita ta yi mini wankan farko ranar da aka haife ni, kuma ba ta taɓa barin na manta ba. Gidanta na da gareji a gefe wanda babu komai ciki sai tukwanen biki. Mama ta roƙa mana shi. Hajiya ta dube ni ta ce, "Aikin lakwal ne, ɗiyata?" Na ce eh to, a makaranta muka haɗu. Ta ce, "Bon. Ku shiga." Da ta ji bugun farko ta fito da gudu tana salati, ta ɗauka motar kwasar shara ce ta afka wa gidan. Amma ba ta kore mu ba. Kullum sai ta aiko mana da fanke, wai ko bakinmu zai cika mu rage ihu.

Wasanmu na farko a wani shagon fiza ne, abincin nan na Turawa, kusa da jami'a. Ba mai mota a cikinmu, don haka a bas muka je. Ku da kuke cewa abin sauƙi ne, ku gwada shiga bas ɗin gari da babbar ganga a rungume, direba yana kallonku kamar kun shigo da saniya. Mateo ne aka ba amanar kafet, ya sauka ya bar shi a bas, kafet ya wuce tasha shi kaɗai. Daɓen shagon kuwa santsi ne. Duk bugun da na yi da ƙafa sai babbar ganga ta matsa gaba, na bi ta da kujera, ta ƙara matsawa. Kafin mu gama waƙa ta biyu na kusa isa wurin mai karɓar oda. Ban tsaya ba. Tasha ce ta zo ta taka gaban gangar da takalminta, ta ƙarasa wasan a haka, tana harara ta. Masu kallo ba su cika yatsun hannu ba, ɗaya ma jiran abincinsa yake. Mai shagon ya biya mu da fiza, ya ce mu dawo.

Daga nan muka fara sanin masu saurare iri-iri. Akwai tsofaffin Turawa masu gemu irin na Baba Roy, su tsaya a baya hannu a harɗe, in kun buga waƙar samartakarsu daidai sai ku ga suna share ido suna cewa hayaƙin kicin ne. Akwai ɗaliban jami'a, su ba ruwansu da abin da kuke bugawa, su dai a ƙara ƙarfi. Akwai mai zuwa ya ce in ba shi sanda ya ɗan gwada, shi ma yana bugawa da can. Wannan ba a ba shi. Amma masu saurare mafi wuya a duniya, na rantse, mutanenmu ne.

Aikin da ya ja mana bala'i bikin suna ne. Wata Anti Balki, ƙawar Mama, ta haihu, ta ce tunda 'ya'yan gida na da ƙungiya me zai sa a kira bare. An kama zauren taro na wasu gidajen haya a Wendover, na 'yan awoyi kawai ranar Asabar. Muka kafa kaya kusa da ƙofa, inda soket yake. Mata sun cika zaure, leshi da shadda sai ƙyalli, ɗaurin ɗankwali kowanne yana neman taɓa fanka. Can ƙarshen zaure, a kujera mafi girma, Hajiya Zainabu.

Muka saki waƙarmu mafi zafi. Ba wadda ta motsa. Muka saki ta biyu. Wata ta toshe wa jaririnta kunne, wata ta ci gaba da cin kaza tana kallonmu kamar talabijin da ya lalace. Sai ga Anti Balki ta taho tana riƙe da zani, ta ja Idrisa gefe. "Kai, wane irin kiɗa ne wannan ba kiran suna? Wa zai tashi ya taka ba a ambace shi ba? Ku wasa mutane mana!"

Idrisa ya dube ni, na ɗaga kafaɗa, na ci gaba da bugawa. Sai ya dubi teburin da ke gabansa ya rera sunan matar da ya fara gani. Jama'a, kamar an kunna wuta! Matar ta yi guɗa ta miƙe, ta taho tana rausaya, ta manna masa dala a goshi. Ya kira ta kusa da ita, ita ma ta taso. Wata ta nufi Mateo da kuɗi a hannu, ya ja da baya ya ɗauka mari za a yi masa, ta kamo kansa ta liƙa. Tasha ta yi murmushi, abin da ba a taɓa gani ba a tarihi.

Idrisa yaron makarantar Amurka ne. A ganinsa adalci shi ne a bi layi, tebur bayan tebur, daga ƙofa zuwa ciki, kada a tsallake kowa. Ya kira 'yan mata. Ya kira amaren da ba su daɗe da zuwa ƙasar ba. Ya kira yara. Wani bawan Allah da ya shigo kawo ƙanƙara, shi ma aka tambayi sunansa aka rera. Mun wuce tsakiyar zaure, saura tebur kaɗan mu isa ƙarshe, sai lasifika ta ɗauke ɗif. Mai kula da zauren ne ya zare waya. Lokacinmu ya ƙare, ga wasu a waje da balan-balan suna jiran shiga bikin ranar haihuwa.

A cikin shirun nan kowa ya waiwaya ƙarshen zaure. Hajiya Zainabu tana zaune, sababbin takardun da ta tanada don liƙi suna hannunta. Ta buɗe jaka a hankali, ta mayar da su, ta ja zif. Ƙarar zif ɗin nan har Maraɗi an ji ta. Ta gyara mayafi ta fita.

Da yamma mijin Anti Balki ya mayar mana da kaya gareji. Washegari muka zo gwaji muka tarar da kwaɗo a ƙofa, ƙato kamar kan jariri. Na ƙwanƙwasa gida. Hajiya ta fito da fara'arta.

"Ina wuni, Hajiya. Mun ga an rufe gareji."

"Wayyo ɗiyata, lakile ya ɓace. Na nema har na gaji."

"Makullin ya ɓace, Hajiya? Ai kwaɗon sabo ne."

"Shi ya sa ban saba da inda nike aje shi ba. Ga fanke, ku tafi da shi."

Idrisa ya je ya durƙusa har ƙasa ya ba da haƙuri. Ta ce, "Ba komi." Ku yaran nan ba ku san "ba komi" ba. In babba ya zage ka, ka tsira. In ya ce ba komi, ka nemi wurin zama. Bayan kwana biyu saƙo ya zo ta bakin Mama: wataƙila makulli ya fito, in ɗiyar Dakta ta yi alkawarin ajiye sanda. Dama can bai dace da ita ba, ga shi har ta fara kunyata manya a bainar jama'a.

Na ce ba zan ajiye ba. Na faɗa a falo, na faɗa a kicin, na faɗa wa madubi. Tasha ta ce mu kira 'yan sanda, kayanmu ne. Na ce ki kira wa matar da ta yi mini wankan farko 'yan sanda, sannan ki nemo mini garin da zan koma da zama. Baba Roy ya fito da wani almakashin ƙarfe mai tsawon ƙafata ya ce aikin minti ɗaya ne. Na ce ya mayar. In mun yanke kwaɗo mun sami ganga, amma Mama ba za ta ƙara shiga taron mata da kai a sama ba.

Wannan ita ce muguwar shekararmu. Gangunana suna ciki, amfilifayar Mateo da ta Tasha suna ciki, lasifika tana ciki. Abin da ya rage mana jita biyu da maƙogwaron Idrisa. Babansa yana aiki a wani babban sito, shi ya kawo mini bokitan fenti da aka zubar. Na jera su a barandar Baba Roy, babba na ƙafa, ƙanana na hannu, murfin tukunyar Mama a madadin tagulla. Kada ku raina bokiti. Bokiti ba ya yafiya. Ganga ta gaske in ka buga ba daidai ba tana rufa maka asiri, bokiti kuwa tona ka yake a gaban kowa. Sandunan da na karya a shekarar nan sun isa a dafa abincin biki. Mai shagon fiza ya ce shi ƙungiya ya ɗauka ba masu wanke mota ba. Mutanenmu kuwa ko bikin kaciyar kyanwa ba wanda zai kira mu, kowa na tsoron Hajiya. Wata ƙungiya mai motar kaya ta fara zawarcin Mateo. Baba ya shiga raha a gida, har ya sayo mini wani littafin shiga makarantar likita mai nauyin babbar ganga.

Nakan bi ta gidan Hajiya in leƙa ta 'yar tagar gareji. Ga su can, ƙura ta rufe ƙyallin, sanyi ya wuce a kansu, zafi ya shigo. Baba Roy bai taɓa tambayata ba, sai dai duk lokacin da na zo ya dubi hannuna ya ga bokiti, ya juya ya ci gaba da gyaransa.

Ana haka sai wata mata da ke shirya wasan titi a Elm Street ta aiko. Ta taɓa ganinmu a shagon fiza, tana so mu hau babban dandali da kaka. Sharaɗi ɗaya: kayan kiɗa na gaske. Mateo ya ce in ba mu hau wannan dandali ba shi ya tafi, kuma ban ga laifinsa ba. Aka ce in yi aro. Na ce gangata tana nan da ranta, ba zan hau ta aro ba kamar marainiya.

Mama ce ta buɗe hanya, ko da yake in kun tambaye ta za ta musa. Ana gobe jajibirin Babbar Sallah muna yanka albasa, sai ta fara magana da tukunya, ba da ni ba. Ta ce ita dai ta tuna a gida, in makaɗa suka tsaya a ƙofar babban mutum ranar Sallah suka wasa shi a gaban jama'a, ba ya barin su su tafi hannu wofi. Abin kunya ne da ba ya wankuwa. Kuma makaɗin kirki ba ya tashi sai an ba shi abin da ya zo nema. Daga nan ta shiga ba tukunya labarin Hajiya: yadda ta zo garin nan ba Bahaushe ko ɗaya, yadda take zuwa filin jirgi tarar mutanen da ba ta taɓa gani ba, ɗaliban da suka kwana a falonta har suka zama daktoci, har da wani mai tabarau da ya iso da takalmin roba a tsakiyar sanyi. Matan da ta zauna da su a asibiti, gawarwakin da ta wanke. Ta faɗi sunan mahaifinta da na kakarta da unguwarsu a Maraɗi. Sannan ta juyo ta ce, "Ke kuma me kike saurare? Yanka albasarki."

Ba mu taɓa rubuta waƙar kanmu ba sai ranar. Na zaunar da Idrisa ina tura Hausarsa har ta kama wuta. Kiɗan kuwa na fara shi da zafi, Baba Roy ya ce, "Gudu kike yi. Matar nan kin taɓa ganin ta tana sauri?" Na rage. Ya ce in ƙara ragewa. Muka sami wani bugu mai nauyi, kowane taku kamar ana sauke buhu, Tasha ta bi shi da bas, Mateo ya ɗora kuka a sama. Baba Roy ya tono wata 'yar amfilifaya mai batir ya ba mu.

Ranar Sallah bayan an sauko Idi kowa gidan Hajiya yake zuwa cin abinci, haka aka saba. Motoci har ƙarshen layi. Maza a ƙarƙashin bishiya a kan tabarmi, mata a ciki. Rana tsaka muka iso da bokitai, muka jera su a gaban ƙofar gareji, daidai saitin kwaɗo. Baba yana cikin mazan, da babbar rigarsa. Ya miƙe tsaye.

"Rabi. Kada ki kuskura."

"Barka da Sallah, Baba," na ce, na haɗa sanduna sau huɗu.

Idrisa ya buɗe maƙogwaro. Zainabu ta Maraɗi, uwar baƙi, mai falon da ba ya cika. Zainabu da ta riga kowa zuwa, ta kunna wuta ta jira. Wanda ya sauka da akwati ɗaya, wa ya tarbe shi? Wanda ya zo da takalmin roba, wa ya saya masa na sanyi? A nan na ga Baba ya koma ya zauna a hankali, mazan da ke gefensa suna kallon sama suna danne dariya.

Mata suka fito baranda. Ɗalibai masu wucewa a keke suka tsaya. Maƙwabta suka leƙo. Hajiya ba ta fito ba. Muka kai ƙarshen waƙa, Mateo ya dube ni, na girgiza kai, muka koma farko. Zafin ranar nan, kwalta har laushi take. Gumi ya shiga idona, murfin tukunya ya lotse, bokiti ɗaya ya tsage na juya shi ta ɗaya gefen. Muka sake komawa farko. Sai ga Anti Balki ta fito da kuɗi a faranti, wai in ji Hajiya, an gode, a tafi haka nan. Ban ko dubi farantin ba. Muryar Idrisa ta fara dishewa, matan baranda suka karɓi amshi suna tafi, Zainabu, Zainabu. Batir ya mutu, jita ta yi shiru, bas ta yi shiru. Saura ni da bokiti da matan unguwa. Hannuna ya daina zama nawa. Na ci gaba.

Sai tafin ya canja, aka dare hanya. Ga ta nan a bakin ƙofa cikin shadda ruwan ƙasa. Ta sauko daga baranda, kuma wallahi a kan buguna take takawa, ko ta so ko ba ta so ba, don daidai tafiyarta muka auna shi. Ta zo ta tsaya a kaina, inuwarta ta rufe ni.

"Ke ɗiyar Dakta, ba ki da kunya?"

"Akwai, Hajiya," na ce, ban daina bugawa ba. "Tana cikin gareji, an kulle."

Wani daga cikin mazan ya ƙware da lemo. Hajiya ta dube ni sama da ƙasa. Sannan ta kama bakin mayafinta, ta kwance wani ƙulli da ke nan tun Allah kaɗai Ya san yaushe, ta fito da makulli. Ta ɗora shi a goshina ta danna da babban yatsa, da ƙarfin da har yau in an taɓa wurin ina tunawa. Gumi ya riƙe shi, ya zauna daram. Guɗa ta tashi har tsuntsayen bishiya suka watse.

Ta sunkuyo ta ce, "Kun manta ba ku ce ni na fara kawo daddawa garin ga ba. A gyara."

Sai a lokacin na tsaya.

Baba ya tsuke fuska kamar ba ruwansa. Amma ina da shaidu cewa an ga ƙafarsa tana motsi a ƙarƙashin babbar riga. Shi ya ce tururuwa ce ta cije shi. Da yamma kuma shi ya riƙe mini fitila ina canja fatun da zafi ya lalata, yana ta ba ni umarni a kan aikin da bai taɓa yi ba.

Mun hau dandalin Elm Street da koren gangunan Baba Roy, shi kuma yana gefe ya juyo da kunnensa mai aiki. Waƙar Hajiya muka rufe da ita, har da baitin daddawa. Titi ya cika maƙil, ɗaliban da ba su san ko Maraɗi abinci ba ce suna ta ihun Zainabu, Zainabu. Ita kuwa tana gaba a kujerar da ta sa aka ɗauko mata daga gida, tana ɗaga musu hannu kamar dama saboda ita suka taru. Daga ranar aka fara kiranmu garuruwan maƙwabta, gidan rediyon ɗalibai ya sa waƙar har muka gaji da jin kanmu, Mateo ya manta da masu motar kaya. A ranar ne ma muka raɗa wa ƙungiya sunan da take amsawa yanzu. In an gayyace mu bikin mutanenmu kuwa, kafin Idrisa ya buɗe baki sai ya leƙa ƙarshen zaure ya ga wa ke zaune a babbar kujera.

Makullin yana wuyana a zare, ko wanka ba na cire shi. To Mubarak, kai da wayarka marar gumi, ga hanya nan. Sallah mai zuwa ka kai ta ƙofar Hajiya ka ajiye a rana, ka danna mata, mu ga abin da za a liƙa mata a goshi.